Matakala Goma Sha Bakwai

A tashar jiragen ruwa ta Esbjerg
sunana Torben, ɗan Gudrun mai gyaran koma,
ni ke tuƙa ƙugiyar da ke sauke kwantena.
A masallacin da ke saman shagon tayoyi
sunana Tahir.
Matakala goma sha bakwai ce tsakaninsu.
Shekara shida ina hawa ina sauka,
har yau ban gano a kan wacce
ɗayan ke miƙa wa ɗayan rigarsa ba.

Ranar da na karɓi kalmar shahada
harshena ya yi ta tangaɗi a kan Larabci
kamar ɗan maraƙin da bai bushe ba.
Aka yi kabbara, aka rungume ni,
dattijo Fikret ɗan Bosniya ya jiƙa mini kafaɗa da hawaye.
Mako uku ana rububin ciyar da ni.
Da Sallah ta zo
kowa ya kama hanyar gidan danginsa,
ni kuwa na soya ƙwai biyu,
na ci a tsaye cikin sabuwar farar riga.

Har gobe akan sami yaron da zai matso bayan sallama:
"Baba, kai ɗan wace ƙasa ne?"
In ce nan, asibitin can bayan gada.
Ya yi dariya, a zatonsa zolaya ce.
A wurin aiki Preben ya daina cewa
in zo mu kora kwalba ɗaya.
Ba faɗa, ba gaba,
kujerata ce kawai ta koma wani teburin.
Jemage ke nan:
tsuntsaye sun ga haƙora,
ɓeraye sun ga fiffike.

Azumin bazara a nan sai mai rabon lada.
Rana ta kafe kan teku har goman dare
kamar mai bin bashi a bakin ƙofa.

Uwata ba ta taɓa fahimta ba.
Sau ɗaya ta tambaya, tana wanke kofi, ba ta juyo ba:
"Me na rage ka da shi?"
Na rasa amsa a duk harsunan da na sani.
Amma da Kirsimeti ta zagayo
sai ga wata ƙaramar tukunya a gefen ta naman alade,
cinyar rago daga mahaucin Somaliyawa,
an manna wa murfin takarda: ta Torben.
Ta yi tafiyar bas biyu cikin ƙanƙara don ita.
Daga baya ta saƙa mini hula da ulun masunta,
ta ce waccan ta kaina ba ta tare sanyi.

A watan Fabrairu muka kai ta coci.
Na ɗauki kusurwar akwatin ta hagu.
Da aka soma waƙar da take so
na kulle bakina,
ƙirjina kuwa ya rera ta har ƙarshe, bai nemi izinina ba.
Da na waiga,
a bencin baya ga Fikret, ga Warsame mai tasi,
sun sunkuyar da kai, ƙafafunsu cikin safa.
Takalmansu na bakin ƙofa, a jere,
dusar ƙanƙara na zuba a ciki.
Preben ne ya fita ya shigo da su.
Bai ce komai ba.

Yanzu da asuba nakan sa hular ulun,
in fuskanci kudu maso gabas,
inda bangona ke da tabon danshi.
Ban ƙara tambayar wane ne ke sujada ba.
Goshi ɗaya ne ke taɓa ƙasa,
kuma ko da wane suna aka kira shi,
ɗan Gudrun ne zai amsa.